Kyaftin Glover da Hausawansa: Daga Jirgin Ruwa Zuwa Gadon Mulki

Jawabin da wani ɗalibi ɗan Dangoma ya gabatar a taron ƙungiyar ɗalibai na ƙarshen zangon karatu



Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki wanda ya nufe mu da haɗuwa a wannan rana, muna miƙa godiyarmu ga shugabannin ƙungiya saboda damar da suka ba mu ta tsayawa a gabanku, alhali kuwa a cikinku akwai waɗanda suka fi mu shekaru, suka kuma fi mu sani. In mun faɗi daidai daga Allah ne, in kuwa mun yi tuntuɓe muna fata malamanmu za su gyara mana, domin ɗalibi ba ya jin kunyar gyara.

Ranar da aka liƙa sanarwar wannan jawabi, wani ɗan'uwa ya tare mu a bakin ɗakin karatu yana dariya, ya ce, "Malam, me ya haɗa kifi da kaska? Kai ɗan Dangoma wanda bai taɓa ganin teku ba, ina kai ina sojan ruwan Ingila?" Tambayar tasa tana kan hanya, amsarta kuwa tana cikin ruwan fadamunmu. Ruwan da ke kwanciya a gonakin shinkafar ƙasar Kalgo da damina, Gulbin Kebbi yake gangarawa, gulbin kuma ya kai shi Kwara, Kwara ta ratsa da shi Yawuri da Jebba da Lakwaja har ta zuba shi a teku. To, hanyar da ruwanmu ke bi ya sauka, ita mutumin da za mu yi magana a kansa ya biyo ya hau. Sunansa John Hawley Glover, kuma abin da ya shuka muna nan muna girbarsa har yau, ko mun san sunansa ko ba mu sani ba.

An haifi Glover a Ingila a shekarar 1829, mahaifinsa limamin coci ne. Ya shiga aikin sojan ruwa a 1841, yana yaro ɗan shekara 12, a zamanin Sarauniya Biktoriya, lokacin da babu wata ƙasa a duniya da ke iya ja da Ingila a kan teku. Tun yana matashi aka horar da shi a kan aikin safiyo, wato auna zurfin ruwa da faɗinsa da zana taswirar gaɓa, kuma wannan sana'a ita ce ta zama tsaninsa. Ya yi yaƙi a ƙasar Bama, inda aka yi masa mummunan rauni a 1853, ya kuma yi aiki a tekun Baltik a 1854 lokacin da Ingila ke yaƙi da Rasha. Ke nan kafin ya taka ƙasarmu ya riga ya san ƙamshin albarushi, ya kuma san amfanin alƙalami da ma'auni.

Domin mu gane dalilin zuwansa, sai mun ɗan koma baya. Ingilishi sun daɗe suna kwaɗayin shiga cikin ƙasa ta Kogin Kwara saboda ciniki, amma zazzaɓin cizon sauro ya tsare musu hanya fiye da yadda kowace runduna za ta iya. Ayarin da suka aiko a 1841 kusan kashi ɗaya cikin uku na Turawan cikinsa suka mutu. Sai a 1854 wani likitan sojan ruwa mai suna William Baikie ya hau Kwara da Binuwai yana ba mutanensa kwinin kullum, ya komo bai rasa ko mutum ɗaya ba. Daga wannan shekara ganuwar da sauro ya gina mana ta rushe. A 1857 aka sake turo Baikie da wani jirgi mai suna Dayspring, Laftana Glover kuwa shi ne mai yi masa safiyo, yana da shekara 28 kacal, wato bai girme wa wasunmu da ke zaune a nan da yawa ba. A cikin jirgin har da Samuel Ajayi Crowther, wanda daga baya ya zama bishop.

A watan Oktoba na 1857 jirgin ya daki dutse kusa da Jebba ya farfashe. Mu lura da wurin da abin ya faru, domin a nan tarihin Glover ya gamu da namu. Jebba tana ƙasar Nufe ne, ƙasar Nufe kuwa da Ilori da Yawuri duk suna ɓangaren Daular Usmaniyya na yamma, wanda ke ƙarƙashin gidan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a Gwandu. A lokacin Sarkin Gwandu Halilu ne ke kan gado, shi ne kuma wanda Heinrich Barth ya tarar a Gwandu a 1853. A shekarar da jirgin ya fashe ne 'ya'yan Malam Dendo, wato Usman Zaki da Masaba, suka kammala murƙushe tawayen Umaru Bahaushe, Bida ta zama babban birnin Nufe. Saboda haka waɗannan Turawa sun yi kusan shekara guda a bakin kogi suna jiran wani jirgi, suna zaman baƙunta a ƙasar da Gwandu ke da iko da ita, ba su da ƙarfin da za su tilasta wa kowa komai. Da izinin sarakuna suke sayen abinci, da izininsu suke tafiya. Haka kuma daga baya Baikie ya zauna a Lakwaja a ƙarƙashin inuwar Masaba.

Glover bai zauna yana jimamin jirgi ba. Ya ci gaba da auna kogin har wajen Busa, ya kuma bi ta ƙasa ya ratsa garuruwan Yarabawa zuwa Ikko, wato Legas, ya komo. A cikin waɗannan tafiye-tafiye ne ya gamu da wasu mutane waɗanda suka sauya masa rayuwa, shi ma ya sauya musu tasu. Su ne bayi 'yan Arewa da ke warwatse a gidaje da gonakin ƙasar Yarabawa, waɗanda aka kamo a yaƙe-yaƙe da hare-hare, aka yi ta sayar da su hannu zuwa hannu har suka kai kusa da teku. Wasu daga cikin 'yan'uwansu ma an riga an ƙetara da su zuwa Bahiya ta ƙasar Barazil, inda tarihi ya rubuta yunƙurin tawayen bayi Hausawa tun daga 1807. Waɗanda suka sami gudu sai suka riƙa raɓawa da wannan Bature, suna ɗaukar masa kaya, suna yi masa rakiya, shi kuma yana kare su daga iyayengijinsu. Ya ga juriyarsu, ya kuma lura da wani abu wanda ya fi juriya amfani a wurinsa: ba su da dangi a wurin, ba su da sarki, ba su da wanda za su koma wa sai shi.

Ingilishi sun yi wa Ikko ruwan igwa a 1851, suka kori Sarki Kosoko, sannan a watan Agusta na 1861 suka sa Sarki Dosunmu ya sa hannu a takardar miƙa musu garin. Daga nan sai Glover ya tuɓe rigar jirgi ya sa ta mulki. Tsakanin 1863 da 1872, in ban da ɗan lokaci, shi ne ke riƙe da ragamar Ikko. Gwamnatin Ingila ba ta son kashe kuɗi a kan wannan ɗan tsibiri, sojan Turawa kuwa tsada gare shi ga kuma saurin mutuwa. Sai Glover ya tuna da abokan tafiyarsa. Bisa ga tarihin da Rundunar Sojan Nijeriya ke bayarwa na asalinta, a 1863 ya zaɓi mutum 18 'yan Arewa ya ba su horo da bindiga, aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Ba dukansu ne Hausawa ba, domin a wancan zamani duk wanda ya fito daga Arewa yana jin Hausa, ko Banufe ne ko Babarbare ko Bazabarme, Bahaushe ake ce masa. Wannan 'yar ƙungiya ta yi ta girma, tana aikin soja tana aikin 'yan sanda, har ta zama runduna sosai.

Siyasar da Glover ya shiga siyasar hanya ce da kasuwa. Kuɗin shigar gwamnatin Ikko daga kwastan yake fitowa, kwastan kuwa ba ya samuwa sai manja da auduga sun iso bakin teku. Mutanen Egba na Abekuta da mutanen Ijebu su ne ke tsakanin Ikko da cikin ƙasa, suna karɓar kuɗin fito, suna rufe hanya duk lokacin da suka ga dama. Burin Glover shi ne ya buɗe hanya daga Ikko ta bi ta Ibadan har zuwa Kwara, ba tare da roƙon kowa ba. Saboda haka ya jawo Ibadan a jiki, ya juya wa Egba baya. A 1865, da Egba suka yi wa Ikorodu zobe, sai ya tura soja da rokoki suka tarwatsa su. A 1867 mutanen Abekuta suka huce haushinsu a kan 'yan mishan suka kore su, shi kuma ya ba Kiristocin da suka gudo fili a Ebute Metta. Ban da wannan, bayin da ke gudowa Ikko suna shiga rundunarsa sun zama wata ƙaya tsakaninsa da maƙwabta, domin kowane bawa da ya sa kaki, hasara ce ga ubangidansa. A ƙarshe hanyoyi suka rufe, ciniki ya tsaya, 'yan kasuwa suka yi ta kai ƙara, ya bar Ikko a 1872, Pope Hennessy kuma ya warware yawancin abin da ya ƙulla.

Ba a daɗe ba aka sake nemansa. A 1873 yaƙi ya tashi tsakanin Ingilishi da Asante a ƙasar da yanzu ake kira Gana. Aka ba Janar Wolseley babbar runduna, aka ce Glover ya tara tasa ta 'yan ƙasa ya biyo ta gabas, ta wajen Kogin Bolta. Ƙashin bayan rundunar tasa Hausawa ne. Wolseley ya shiga Kumashi ranar 4 ga Fabrairu 1874, ya sa mata wuta ya juya. Glover ya iso kangon garin ranar 12 ga wata, kuma jin labarin wannan runduna ta biyu yana cikin abin da ya sa Sarkin Asante Kofi Karikari ya nemi sulhu, ya amince da biyan zinariya oza 50,000. Kada mu ɗauka wannan yaƙi bai shafe mu ba. Goron da fatakenmu ke ɗaukowa daga Gwanja zuwa kasuwar Jega da Sakkwato da Kano daga kurmin Asante yake fitowa, ya bi ta Salaga. Bayan faɗuwar Kumashi, Salaga ta ɓalle daga ikon Asante, kasuwar goro ta rikice, sannu a hankali goro mai yawa ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko. Wato bindigar da ɗan Arewa ya harba a kurmi ta taɓa jakin ɗan'uwansa a hanyar Gwanja.

Majalisar Dokokin Ingila ta yi masa godiya, Sarauniya ta ba shi lambar girma, ya zama Sir John Glover. Ya yi gwamna a tsibirin Newfoundland, wanda yanzu yake cikin Kanada, daga 1876 zuwa 1881, sannan a wasu tsibiran Karibiyan, ya sake komawa Newfoundland a 1883. Ya mutu a Landan ranar 30 ga Satumba 1885, yana da shekara 56. A wannan shekara ce kuma Joseph Thomson ya zo Sakkwato da Gwandu, zamanin Sarkin Gwandu Maliki, ya koma da takardun yarjejeniya waɗanda kamfanin Goldie ya riƙa nunawa a Turai a matsayin hujjar cewa ƙasar ta shiga hannunsa.

Glover ya mutu, dabararsa ba ta mutu ba. Kamfanin Kwara ya kafa tasa rundunar a kan irin wannan tsari, da ita ya ci Bida da Ilori a 1897, wato ƙasashe biyu mafi arziki a ƙarƙashin Gwandu. Lugard ya kafa rundunar Afirka ta Yamma, ita ma haka. Rundunar da ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903 tana da baƙaƙen soja sama da 700, Turawan cikinta kuwa ba su kai 50 ba. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi a watan Yuli. A 1906, bayan yaƙin Satiru, Turawa suka tuɓe Sarkin Gwandu Muhammadu Bashiru, fadar ta koma Birnin Kebbi. Shekara 49 ke nan tsakanin ranar da Glover ke zaman baƙunta a ƙasar Gwandu da ranar da magadansa suka tuɓe Sarkin Gwandu. Da Hausa aka riƙa ba da oda a bariki shekara da shekaru, kuma a Yaƙin Duniya na Biyu an kwashi kakanninmu zuwa Bama, ƙasar da shi Glover ya zubar da jininsa shekara 90 kafin nan. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce da ɗan gari akan ci gari.

To, 'yan'uwa, wane hukunci za mu yanke wa wannan mutum? Adalci ya wajabta mana mu faɗi cewa jarumi ne, mai ƙwazon aiki, kuma mutanensa sun so shi. Ya gyara titunan Ikko, ya ba bayi da yawa mafita, bayan mutuwarsa ma an gina babban ɗakin taro da sunansa a Ikko. Amma adalcin nan dai shi ya wajabta mana mu faɗi cewa duk abin da ya yi, domin ƙarfafa mulkin Ingila ya yi shi. Mu dai a ganinmu, abin da ya fi hukunci amfani shi ne darasi, kuma mun tsamo guda uku.

Na farko, ilmi shi ne ya riga bindiga isowa. Kafin a harba harsashi ɗaya a ƙasar nan, an riga an auna kogunanmu, an ƙidaya zangunanmu, an rubuta harshenmu. Saurayi ɗan shekara 28 ya san zurfin Kwara a Jebba da alƙaluma a takarda. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah: mu nawa ne a wannan ɗaki za su iya faɗin faɗin fadamar garinsu, ko yawan buhun shinkafar da take bayarwa, ko watan da ruwa ke cinye ta? Muna haddace sunayen kogunan Turai domin jarrabawa, namu kuwa mun bar wa baƙo ya zo ya auna mana, mu kuma saya a hannunsa. Duk ƙasar da 'ya'yanta ba su san ta ba, wanda ya san ta shi ne zai mallake ta.

Na biyu shi ne mafi ɗaci, amma dole mu haɗiye shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mutanen nan 18 ba daga sama suka faɗo ba. Kowannensu yana da garin da aka haife shi da uwar da ta yi kukan rashinsa, kuma hannun da ya kama shi ya sayar baƙi ne irin nasa. Malaman jihadi sun yi rubutu suna hani ga bautar da 'ya'ya Musulmi, Malam Abdullahi kuma ya rubuta Diya'ul Hukkam domin nuna wa masu mulki hanyar adalci, amma abin da ke cikin littafi daban, abin da ke faruwa a kasuwa daban. A shekarun da Glover ke gina rundunarsa, Gwandu da Kabawan Argungu suna fama da juna, sai da aka yi Lafiyar Toga a 1867 aka ɗan numfasa. Ba mu da bakin da za mu kira waɗancan bayi maciya amana, domin al'ummarsu ce ta fara cin amanarsu. Yau babu kasuwar bayi, amma akwai yaran da aka bari a titi ba karatu ba sana'a, akwai samarin da suka gama makaranta suna zaman kashe wando. Wanda ƙasarsa ta yar da shi, duk wanda ya tsince shi ya ba shi tuwo da bindiga shi ne ubangidansa, kuma mutanen Arewa maso Yamma ba su bukatar a fassara musu wannan magana.

Na uku namu ne, mu ɗalibai da yayyenmu ma'aikata. An gina rundunar Glover a kan hikimar cewa baƙo ya fi iya tsare mutane, domin ba ya jin kunyarsu, biyayyarsa kuma ga mai biyansa albashi take. Wannan ruhi bai tsaya a bariki ba, ya shiga ofis. Shi ne ke sa akawu ya miƙe tsaye in babba ya shigo, amma ya bar tsoho sa'an kakansa a rana yana jiran sa hannu. Mun sami 'yanci a 1960, aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, aka kafa jami'ar tarayya a ƙasarmu a 2013, amma ba za mu ce mun fita daga inuwar Glover ba sai ranar da ma'aikaci ya gane ko wane ne ubangidansa. An ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. To, ladan da muke ci, tun daga allon firamare har zuwa kujerar jami'a da albashin ƙarshen wata, daga dukiyar jama'a yake fitowa, wato daga manomin Dangoma da masuncin Gulbin Kebbi da mai tallan nono a kasuwar Jega. Su ne suka biya ladan, su ne kuma ke jiran askin.

Saboda haka muna roƙon ƙungiyarmu ta ɗauki aiki guda wanda ba ya bukatar kuɗi. A hutun nan mai zuwa kowane ɗalibi ya koma garinsu da littafi da biro, ya zauna gaban tsofaffi, ya rubuta abin da suka ji daga iyayensu game da zuwan Turawa, da fataucin Gwanja, da waɗanda aka kai Bama, sannan ya auna abin da zai iya aunawa na gona da rijiya da fadama. In mun dawo mu tara, mu buga a wannan mujalla tamu. Tsofaffin nan ba za su jira mu har mu gama digiri ba.

Ya Shugaba, a nan za mu dasa aya.  Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa mu zama bayin jama'armu da yardarmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.